Faifan da ya sa na tambayi labarin mahaifina

Ban san mahaifina ba. Soja ne, kofur, kuma ina jariri ya rasu a yaƙin basasa, a watan Oktoba na 1967, lokacin da sojojin tarayya suka yi ta ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca a cikin jiragen ruwa bayan an karya gada. Mutane da yawa sun tafi a ruwan nan, shi ma yana cikinsu. Ba a kawo gawa ba, takarda aka kawo wa kakana. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai da ta arba'in, Inna ta yi takabarta tana goye da ni, daga nan kuma maganarsa ta mutu a gidanmu.

Ba mugunta ce ta sa aka yi shiru ba. Ni ɗan fari ne, wanda kuwa ya tashi a gidajenmu na da ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta kiran sunana. Ba ta wasa da ni a gaban mutane. In na faɗi a tsakar gida sai ta kau da kai, wata ta zo ta ɗaga ni. Sunan mijinta ma tun yana raye ba ta faɗa, balle bayan ransa. Da ta sake aure na bi ta na zama agola. Allah ya jiƙan mijin nata, bai taɓa raba kwanona da na 'ya'yansa ba, duk sallah tare yake ɗinka mana. Amma yaran unguwa ba sa mantawa, da an yi ɗan faɗa a wajen ƙwallo za a tuna maka cewa gidan nan ba na ubanka ba ne. In na tambayi wani babba yaya mahaifina yake, amsar ɗaya ce: Allah ya jiƙansa, ka yi haƙuri. Na yi haƙurin. Na kuma koyi rufe bakina, har aka riƙa yabona da cewa yaron nan ba ruwansa da kowa.

Na san a cikin masu karanta wannan akwai waɗanda ba su yarda da sauraron kiɗa ba sam, kuma ina girmama matsayinsu. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Shaida ce kawai ta abin da ya faru da ni, kuma ba zan iya ba da ita da gaskiya ba in na cire faifan The Wall na mawaƙan Ingila da ake kira Pink Floyd.

Waƙa ɗaya na fara sani a cikinsa, ita ce wadda duniya ta sani. A 1980 ina aji ɗaya a makarantar kwana, wani siniya yana da rediyo mai kaset, kullum da yamma sai ya saka Another Brick in the Wall kashi na biyu a bayan ɗakin kwana. Turancinmu bai kai mu gane komai ba, amma mun gane cewa muryoyin yara ne, kuma malami suke cewa ya ƙyale su. Wannan ya ishe mu. Makarantar ta dorina ce da tsallen kwaɗo da yankan ciyawa da langalanga a tsakar rana. Akwai wani malami da yake karanta makin jarrabawa daga na ƙarshe, yana tsayawa a kan kowane suna har sai aji ya yi dariya. Mukan rera amshin ƙasa-ƙasa in ya juya baya.

Daga baya na san cewa yaran 'yan wata makaranta ce a unguwar Islington ta Landan, malaminsu na kiɗa ne ya kai su ɗakin ɗaukar sauti, kuma Bob Ezrin, ɗan Kanada da ya taimaka wajen tsara faifan, shi ya matsa a sa muryoyin yara da kiɗa irin na rawa. Waƙar ce ta ɗaya a Ingila a lokacin Kirsimetin 1979. A 1980 gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta ta, saboda ɗalibai masu ƙaurace wa makarantu sun ɗauke ta suna rerawa a kan ilimin ƙasƙanci da ake ba su. Yau shekaruna da yawa ina koyarwa, kuma ina jin haushi in na ji ana cewa waƙar ƙin boko ce. Roger Waters, ɗan ƙungiyar da ya rubuta ta, uwarsa malamar makaranta ce, ubansa ma malami ne. Da malami mai wulaƙanta yaro yake faɗa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban aji ya san akwai irinsu a cikinmu.

Sauran faifan ban ji shi ba sai a 1990, da aka tura ni bautar ƙasa jihar Anambra. Inna da ta ji inda aka tura ni ba ta ce komai ba, sai dai ta aiko ƙanwata da dambun nama da ƙuli-ƙuli cike da leda. Motarmu ta iso Asaba da sassafe. Da muka hau gadar na leƙa ta taga na ga faɗin ruwan, jajaye-jajaye, ga masu kwalekwale suna harkarsu. Fasinjoji na ta hira, yaron mota na ta karɓar kuɗi. Na karanta Ƙulhuwallahu a zuciyata har muka sauka a ɗaya gefen. Wannan ne karon farko da na tsaya kusa da abin da zan iya kira kabarin mahaifina, kuma a guje na wuce shi.

A makarantar da aka ba ni akwai wani malamin kimiyya, ya girme ni da 'yan shekaru, mutumin Asaba ne. Malam yake kirana. Yana da garmaho da tarin fayafayai da yake gogewa da ƙyalle kafin ya ɗora su. Wata Asabar da akwai wuta na ga wani farin kwali a cikinsu, ba hoton kowa a jiki sai zanen bulo. Na ce na san waƙa ɗaya a ciki. Ya ce ai matsalar ke nan, kowa waƙa ɗaya ya sani. Ya ce wannan ba a gutsurarsa, ko dai in zauna in ji shi daga farko har ƙarshe ko in bar shi. Fayafayi biyu ne, fuska huɗu, waƙoƙi 26, wajen minti 80, kuma duk labari ɗaya suke bayarwa. Ya ce irin wannan shi ake kira opera ta kiɗan rok, kuma ba Pink Floyd suka fara ba, tun a 1969 'yan The Who suka fitar da Tommy, labarin yaron da ya daina gani da ji da magana saboda abin da ya gani a gidansu. Ya miƙo mini kwalin ciki inda aka rubuta baitocin da wani irin rubutun hannu mai karce-karce, ya ce in riƙa bi.

Waƙar farko ta ƙare da ƙarar jirgin yaƙi yana sulmiyowa ƙasa. Ƙarar na yankewa sai kukan jariri. Tun a nan jikina ya yi sanyi, don na gane abin da aka yi ba tare da kowa ya fassara mini ba. A waƙa ta uku yaron ya fara magana da ubansa da ya ƙetare teku bai dawo ba, yana cewa hoto kawai ya gani a kundin hotunan gida, yana tambayarsa me kuma ya bar masa. Ni ko hoton ban taɓa gani ba. Tambayar nan kuwa tawa ce, da ita na kwana da ita na tashi tun ina yaro, ban dai taɓa jin wani mahaluki ya furta ta da baki ba, kuma ban san ana iya furta ta ba tare da an ce maka ka yi saɓo ba.

Da fuskar farko ta ƙare, allurar na ta zagaye a ƙarshen faifan, abokina ya ce mini labarin gaskiya ne. Mahaifin Waters, Eric Fletcher Waters, hafsa ne a sojan Ingila, an kashe shi a watan Fabrairun 1944 kusa da Anzio a Italiya, ɗansa na da wata biyar a duniya, kuma ba a ga gawarsa ba. Ban san lokacin da na gaya masa nawa labarin ba, wanda ko abokan ɗakina na jami'a ba su taɓa ji ba. Na faɗi wata, na faɗi shekara, na faɗi wurin. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce nasa mahaifin ma a watan nan ya tafi, a garin nan. Yana cikin mazan Asaba da sojojin tarayya suka tara suka harbe a farkon Oktoban 1967. Shi yana ɗan ƙarami, uwarsa ta gudu da shi daji.

Mahaifina yana cikin rundunar da ta shiga garin. Ya sani, na sani. Na rasa inda zan sa idona. Can sai ya ce, Malam, tashi ka juya faifan.

Na juya. Muka ji sauran har ƙarshe ba wanda ya sake cewa uffan, kuma har na gama bautar ƙasa a gidansa nake cin abincin Lahadi, matarsa ta ware mini tukunya daban saboda ta san abin da ba na ci.

Labarin faifan a taƙaice na wani mawaƙi ne mai suna Pink. Duk abin da ya cuce shi a rayuwa sai ya mai da shi bulo ya ɗora: mutuwar uba, malamin da ya ci zarafinsa, uwar da ta ƙanƙame shi saboda tsoro, matar da ta ci amanarsa yana can yawon waƙa a Amurka. A ƙarshen faifai na ɗaya ya ɗora bulon ƙarshe ya yi ban kwana da duniya. Faifai na biyu gaba ɗaya a bayan katangar yake, mutum shi kaɗai a ɗakin otal da talabijin, yana kira ko akwai kowa a waje.

Da a nan abin ya tsaya, da kukan maraya ne kawai, kuma da ban riƙe shi tsawon shekarun nan ba. Abin da ya ɗaure ni shi ne Waters bai wanke kansa ba. Asalin faifan ma daga abin kunyar da ya aikata ne. A watan Yulin 1977, a babban filin wasa na Montreal, a daren ƙarshe na wani dogon yawon waƙa, hayaniyar 'yan kallo ta ishe shi har ya tofa wa wani matashi yawu a fuska. Ya koma yana tambayar kansa yadda aka yi ya zama mutumin da zai yi haka, kuma daga nan tunanin gina katanga tsakaninsa da masu saurarensa ya zo masa. Da suka fita nuna faifan a 1980 da 1981 sai suka yi hakan a zahiri. Ana waƙa ma'aikata na jera manyan bulo na kwali a gaban dandamali, tsayin ya kai wajen mita 12, kafin a je hutun rabin lokaci an rufe mawaƙan ruf. Mutum ya biya kuɗinsa ya zo kallo, a bar shi da farin bango. Saboda tsada da wahalar abin, a birane huɗu kacal aka yi shi: Los Angeles, New York, Landan da Dortmund. A lokacin haɗa faifan kuma Waters ya tilasta wa Richard Wright, abokin tafiyarsu tun farkon kafa ƙungiyar, ya fita daga cikinta, har sai da ya dawo yana kaɗa musu a matsayin ɗan haya. Wato yana rubuta waƙa a kan mutumin da ke korar na kusa da shi, yana kuma aikata hakan. Wannan bai rage mini darajar faifan ba. Ya dai tabbatar mini cewa mutumin ya san ciwon da yake magana a kai daga ciki.

Waƙar da ta fi zama mini a rai ita ce Comfortably Numb. David Gilmour, mai kaɗa gitar ƙungiyar, shi ne ya kawo kiɗanta, Waters ya sa baitoci, kuma ta samo asali daga wata allura da likita ya yi wa Waters a 1977 don ya iya hawa dandamali yana rashin lafiya. Murya biyu ce a ciki. Likita na magana a sanyaye, yana cewa 'yar allura ce kawai, yanzu za ka miƙe ka tafi aiki. Pink kuma na amsawa daga can nesa, yana tuna wani zazzaɓi da ya yi yana yaro. Ba ya jin zafi, ba ya jin daɗi, kamar ƙafar da mutum ya daɗe zaune a kanta. Sai gitar Gilmour ta shigo ta yi kukan da shi Pink ɗin ya kasa yi. Ban taɓa shan ƙwaya ba, ban taɓa zama a otal irin nasa ba, amma na gane halin nan sarai. Shi ne abin da ake yaba mini a gida ana cewa ina da haƙuri. Haƙuri na gaskiya daban ne, mai shi yana jin zafin yana kuma miƙa wa Allah. Nawa rashin ji ne kawai, kuma a ɗakin abokin nan nawa na fara bambance su.

Bayan allurar sai labarin ya juya inda ban zata ba. Pink ya hau dandamali yana ganin kansa a matsayin shugaban 'yan kama-karya, yana nuna mutane a cikin taro yana cewa a fitar da wannan Bayahude ne, a fitar da wancan baƙi ne. A zanen Gerald Scarfe da aka yi amfani da shi a wasannin da kuma fim ɗin labarin da aka yi a 1982, guduma ce bibbiyu suke maci a jere. Ɗan mutumin da ya mutu yana yaƙar 'yan Nazi, shi ne ya wayi gari yana kwaikwayonsu. Wannan ɓangaren ba daɗin ji, akwai kalmomi masu muni a ciki, amma ina ganin shi ne mafi gaskiya a faifan. Wanda aka zalunta ya kulle kansa da abin, ba wuya ya fito yana neman wanda zai huce a kansa. Mu da muka ga rikice-rikicen garuruwanmu ba ma bukatar a yi mana dogon bayani.

Inda na raba hanya da Waters shi ne maganar mata. Uwar da ke cikin faifan mace ce da yaƙi ya cinye wa miji, ta rage da yaro ɗaya, tsoro ya sa ta hana shi motsi. An mai da ita dodo. Matar Pink ma haka, an zana ta a matsayin abin tsoro, alhali waƙoƙin da kansu sun nuna shi ne ya daina yi mata magana tun kafin ta kalli wani. Na san daga idon Pink ake kallon komai, kuma idon nasa ba lafiya. Duk da haka ban ji an ba gwauruwar nan haƙƙinta ba ko a baiti ɗaya. Waƙar uwar ce ta sa na fara tunanin Inna ta wata fuska. Ta Pink ta matse shi, tawa ta yi nesa da ni, kuma na girma ina ɗaukar nisan nan a matsayin rashin damuwa. Ban taɓa tsayawa na lissafa cewa yarinya ce ƙarama lokacin da aka kawo takardar nan ba, ga jariri, ga al'adar da ta hana ta ko rungumarsa a gaban mutane, ga kuma ba kabarin da za ta ce nan yake.

Faifan ya ƙare da shari'a. Pink ya gurfanar da kansa, malami da mata da uwa suka ba da shaida, alƙali ya yanke hukunci a rushe katangar a bar shi a fili gaban jama'a. Bayan rugugin rushewar sai wata 'yar gajeriyar waƙa mai sanyi, wadda ba a kan Pink take ba. A kan mutanen da ke waje take, masu ƙaunarsa da suka yi ta kai da komo a gindin bangon suna bugawa har wasu suka gaji suka faɗi. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wani a wajen tawa katangar ba.

Da na koma gida bayan bautar ƙasa, wani dare bayan sallar isha'i na je na tsuguna a bakin ƙofar ɗakin Inna. Tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa a faranti da hasken fitilar ƙwai. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon farantin. Na ce, Inna, na bi ta kan ruwan nan. Ina so in san yadda babana yake. Hannunta ya tsaya. Ta daɗe haka, sannan ta ce, ka ci abinci kuwa? Na ce na ci. Ta ce to sai da safe.

Da safe ƙanwata ta shigo ɗakina da wani tsohon gwangwanin alewa da aka naɗe da ɗankwali, ta ce in ji Inna. A ciki akwai hoto ɗaya, saurayi siriri cikin kakin soja, kunnuwansa irin nawa sak. Akwai kuma wasiƙa da ajami, ta sha ninki har ta fara rabewa. Gaisuwa ce ga kakana da kowa da kowa, a ƙarshe ya ce ga fam biyu nan ya aiko, a saya wa yaro tunkiya a sa masa kiwo. Na fito da wasiƙar a hannu na sami Inna tana shara. Ba ta ɗago ba. Ta ce, an saya. Ta ce tumakin nan da ka tashi ka gani a bayan ɗaki duk jikokinta ne, kuma duk shekarar da za ka koma makaranta a cikinsu nake sayarwa. Ni kuwa duk tsawon karatuna na ɗauka mijinta ne yake biya, shi kuma bai taɓa cewa komai ba saboda ita ta roƙe shi.

Daga ranar ba wai mun zama masu doguwar hira ba ne, kunya ba ta fita a dare ɗaya, kuma har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, Malam take ce mini. Amma takan aiko a kira ni, in zauna a bakin ƙofa, ta ɗan gutsura mini wani abu: yana son fura da tsami, ya iya gyaran keke, ba ya son a yi masa maganar yaƙi in ya zo hutu.

Faifan kuwa ya ci gaba da rayuwarsa ba tare da ni ba. An sayar da fiye da miliyan 30. A ranar 21 ga Yulin 1990, wata takwas bayan faɗuwar katangar Berlin, Waters ya shirya shi a filin da ya raba birnin biyu, gaban dubban ɗaruruwan mutane. Shi da Gilmour sun yi mummunar rabuwa a shekarun 1980 har da zuwa kotu, amma a 2011 Gilmour ya hau saman katangar a wani wasa a Landan ya kaɗa Comfortably Numb kamar da. A yawon da Waters ya yi da faifan daga 2010 zuwa 2013 ya nemi mutane daga ko'ina su aiko da hotunan 'yan'uwansu da yaƙi ya kashe, ana haska su a jikin katangar, na mahaifinsa a gaba. Na yi niyyar aika namu. Na je na gaya wa Inna, na yi mata bayani iya iyawata. Ta ce, Malam, ba za a haska shi a wajen kiɗa ba. Mamaci addu'a yake so. In kana da kuɗin, ka sayi buhun gero a kai wa almajirai. Na bi maganarta, kuma ban yi da-na-sani ba, hoton nata ne kafin ya zama nawa. Amma da na ji cewa a 2014 an kafa wa mahaifin Waters alamar tunawa a garin Aprilia, kusa da inda ya faɗi, shi kuma ya je ya tsaya a wurin yana da shekara 70, na yi masa murna har cikin raina. Na buga wa abokina na Asaba waya na gaya masa. Ya ce ya riga ya gani.

A aji na ajiye bulala tun shekarar da na fara koyarwa, kuma ba na karanta maki da ƙarfi. Tun da aka fara yaƙin arewa maso gabas, kusan kowace shekara sai na sami yaron da aka rubuta marigayi a gaban sunan ubansa. Nakan gane su tun kafin in duba rajista, su ne waɗanda sauran malamai ke yabo da cewa ba su da matsala. Ba na saka musu Pink Floyd. Nakan dai sami lokaci in tambayi yaro sunan babansa, da abin da yake so ya ci, da ko akwai hotonsa a gida.

Ɗana na biyu ne ya nemo faifan da kansa a waya, bayan ya ga tsohon kaset ɗin da abokina ya naɗa mini a cikin kayana. Na ce masa akwai maganganun da ba su dace ba a ciki, kuma in zai ji to ya ji shi duka a zama ɗaya. Da ya gama na zaci maganar kakansa zai yi mini. Sai ya ce, Baba, ni waƙar uwar ce ta kama ni. Ya sami gurbin karatu a wata jami'a mai nisa, mahaifiyarsa ta ce ba inda za shi saboda masu satar mutane a hanya, ya nemi ta cikin gari. Na fara kare ta yadda na saba kare uwar Pink, na ce tsoronta na da dalili, ka san abin da ake yi a hanyoyin nan. Ya ce ya sani, kuma bai ce ba ta ƙaunarsa ba, amma numfashi yake so ya yi. Muka yi ta ja har aka kira magariba, bai sauko ba, ni ma ban sauko ba. Da muka dawo daga masallaci na tambaye shi ko ya taɓa gaya mata haka da bakinsa. Ya ce ina, ai sai ta yi kuka. Na ce to ta yi, je ka same ta yanzu tana kicin, ni zan zauna a waje. Sun fi awa suna magana. Yanzu yana aji uku a can, kuma sharaɗin da ta kafa masa shi ne ba tafiyar dare, kuma duk tashar da mota ta tsaya sai ya kira ta.